Amanar da Ke Hannunka

 Ina so mu yi shawara a kan wata tambaya wadda takan dami sababbin masu bi. Ko ya dace mutumin Allah ya zauna ya ƙudura wa kansa abin da zai yi domin lafiyar jikinsa, da ta hankalinsa, da ta ruhunsa? Ko kuwa yin haka rashin dogara ga Ubangiji ne?

Kafin mu amsa, zo mu leƙa kasuwa. Ran Jumma'a, in ka fito daga Sabon Gari ka nufi karar Wudil, za ka ga shanu tuli, dillalai suna ciniki, ana loda manyan motoci zuwa Kudu. Dubi mutumin can da ya jawo ƙosasshen sa. Watanni ke nan da ya saye shi ramamme, ya kafa masa turke a gida. Tun ran nan ya lasafta dusar da zai ci, da harawa, da kanwa. Kowace safiya yakan share wurin, ya cire masa kaska, ya ba shi ruwa a kan kari, ya kuma san watan da zai kai shi kasuwa. Ba wanda ya taɓa ce masa marar tawakkali, kowa yaba hankalinsa yake yi. Amma tambayi mutumin nan abin da ya shirya domin kiwon kansa, sai ka ga ya yi shiru. Ashe sa ya sami shiri, mai sa bai samu ba!

Akwai kuma wani mutum a kara wanda ya fi kama da kai, wato makiyayin da aka danƙa wa shanun wani. Ko ɗaya ba tasa ba ce, akwai kuwa ranar da mai dukiya zai zo ya ƙidaya. Haka kake. Ba kai ka yi jikinka ba, ba kai ka hura wa kanka numfashi ba, hankalinka kuma ba a kasuwa ka saye shi ba. Allah ne ya ba ka su amana, Almasihu kuma ya fanshe su da jininsa. Domin wannan ƙudurin kiwonsu aikin mai riƙon amana ne.

Wataƙila za ka ce, “Ai gobe ta Allah ce, wane ni in shirya mata?” Gaskiya ne gobe tasa ce. Manzo Yaƙub ya tsauta wa 'yan kasuwa masu fariya da ribar baɗi kamar ransu a tafin hannunsu yake. Amma ka lura, bai hana su fatauci ba, girmankai ya hana, ya koya musu su jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Ka tuna da Yusufu a Masar. Sa'ad da Allah ya sanar da shi yunwa tana zuwa, sai ya tara hatsi a rumbuna har shekara bakwai, ta haka aka ceci rayuka masu yawa. Bangaskiyarsa ce ta sa shi shiri. Mutanenmu ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko kuma za ka ce, “Jiki turɓaya ne, ruhu kaɗai ke da daraja.” Ka yi hankali da wannan magana, gama tana da kamannin ibada, amma kuskure ce. Ubangijinmu da kansa ya ɗauki jiki, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi barci a cikin jirgin ruwa. Ya warkar da kutare da makafi, ya ciyar da taro. Annabi Iliya kuma, sa'ad da zuciyarsa ta karai a jeji har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya yi magana da shi a bisa dutse. Mahaliccinka ya san ukun nan kamar duwatsun murhu suke: in ɗaya ya goce, tukunya ta tuntsure.

To, bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na fari, jiki. Kana zaune kusa da kogi, kogi kuwa albarka ne ga masunta da masu lambu, amma yana da nasa haraji. Da damina sauro yakan yi yawa, shi ne kuwa ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi daga mutum zuwa mutum, kamar yadda wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya a shekara ta 1897. Ka ƙudura cewa kai da iyalinka ba za ku kwana ba gidan sauro ba, ko da dare ɗaya. In ma'aikatan lafiya sun zo ƙofarka da damina da maganin rigakafin zazzaɓi na ƙananan yara, ka karɓe su da murna. In ka ga jini a fitsarin ɗanka, kada ka ce alamar balaga ce. Tsargiya ce, wadda ake ɗauka wurin wanka a ruwan da ƙananan dodon koɗi suke, maganinta kuwa yana asibiti. Kai kuma, in ka manyanta, ka sa wa kanka ranar awon hawan jini, gama ciwo ne mai cin mutum a ɓoye ba tare da ya ji zafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ta kuma ce babba ya motsa jikinsa minti 150 a mako ko fiye. Manomi da mai dako sun riga sun biya wannan da guminsu. Amma kai mai zaman shago, da kai mai aikin ofis, tafiyar rabin sa'a da ƙafa kwana biyar a mako ta cika lissafin.

Na biyu, hankali. Hankali gona ne, abin da aka shuka shi yake tsirowa, in kuwa ba a shuka kome ba ciyawa ba ta neman izini. Garinku garin ilimi ne. Tun shekara ta 2001 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horon manyan 'yan sanda. Samari suna zuwa daga nesa domin su koya. Kai da kake maƙwabcinsu fa? In ba ka iya karatu ba, wani ne yake karanta maka takardan nan, to ga ƙudurinka na fari: kafin baɗi war haka ka karanta da idonka. Nemi wani a ikilisiya ya koya maka, ko da sau biyu a mako. In kuwa ka iya, ka ƙara wani abu mai amfani, ko lissafin jari, ko wata sana'a.

Kiwon hankali kuma ya haɗa da tsare shi daga abin da ke lalata shi. Ka ga samari nawa da suka soma da ƙwaya ɗaya domin su jure wa aiki, yau ga su a zube. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekara ta 2018. Kada ka ce kai mai ƙarfi ne. Wayar hannu ma takan cinye daren mutum yana kallon abin da ba zai so dattawa su gan shi yana kallo ba. Ka yanka wa kanka lokacin ajiye ta, gama babba yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye.

Akwai wani nauyi kuma da na san yana kan waɗansunku. Saboda bangaskiyarka, mai yiwuwa danginka sun juya maka baya, kana cin tuwo kai kaɗai. Baƙin ciki irin wannan ba zunubi ba ne, amma in ka kulle shi a ciki zai cinye ka. Ka ƙudura cewa mako ba zai wuce ba sai ka buɗe zuciyarka ga wani amintacce. Kada kuma ka daina gai da iyayenka da ladabi, ko sun amsa ko ba su amsa ba. In baƙin cikin ya daɗe har barci da abinci suka gagara, ko zuciya ta fara raya maka ka hallaka kanka, ka faɗa wa wani yau, a kai ka wurin likita. Akwai asibitin ciwon ƙwaƙwalwa a Dawanau, kusa da Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa wurin maɗori ba abin kunya ba ne ga wanda ya karye.

Na uku, ruhu. Wannan ne babba, shi ne kuwa aka fi sakaci da shi, domin yunwarsa ba ta kuka kamar ta ciki. Kowace asuba kana jin ladan yana kira, kana jin maƙwabtanka suna tashi cikin sanyin hunturu. Bari himmarsu ta tashe ka kai ma. Ka keɓe lokacin addu'a sananne, da wuri sananne, ko da minti goma ne. Tun shekara ta 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba ka da hujjar harshe. Fara da Bishara ta hannun Markus. Surorinta 16 ne, sura ɗaya a yini, cikin mako biyu da kwana biyu ka gama. Sabon Alkawari duka sura 260 ne. In kana karanta biyar a mako, cikin mako 52, wato shekara ɗaya cif, za ka sauke shi. Kada ka fasa taron masu bi ran Lahadi, gama garwashin da aka ware daga wuta shi ke fara mutuwa. Sa'an nan ka haɗa da aiki ɗaya na jinƙai kowane mako, ko gai da majiyyaci, ko ɗebo wa tsohuwa ruwa, Kirista ce ko Musulma. Ka kuma zaɓi hali ɗaya da ka san yana ɓata sunan Almasihu a bakinka, ko ƙarya wajen ciniki, ko zagin matarka, ka yaƙe shi da sunansa.

Yaya za ka ƙulla ƙudurin har ya tsaya? Kada ka ce, “Zan zama mutumin kirki,” gama wannan hayaƙi ne, ba ya kamuwa. Mai turka bai ce zai kyautata wa sansa ba, cewa ya yi mudu kaza da safe, mudu kaza da yamma. Ka ɗauki abu ɗaya ga jiki, ɗaya ga hankali, ɗaya ga ruhu, uku ke nan, kada ka ƙara. Kowanne ya zama ƙarami, mai lokaci, wanda za ka iya cewa na yi ko ban yi ba. Ka faɗa wa wani dattijon ikilisiya, ke kuma 'yar'uwa ki faɗa wa wata uwa cikin zumuntar mata, domin a riƙa tambaya. Ran Lahadi da yamma ka zauna ka yi wa kanka hisabi. In ukun nan sun zama jiki, sai ka ɗora waɗansu. Da yayyafi kogi kan cika.

Sauran ramuka biyu da zan nuna maka a bakin hanya. Na ɗaya girmankai ne. Ran da ka soma ƙidaya surorin da ka karanta domin ka raina wanda bai karanta ba, ka zama Bafarisiyen da ya shiga Haikali yana yabon kansa, ya fita hannu wofi. Ƙudurinka ba kuɗin sayen ceto ba ne. Ceto kyauta ne, an riga an biya. Kana kiwon kanka ne domin godiya, domin kuma ka zama da ƙarfin yi wa Allah da maƙwabcinka hidima.

Rami na biyu fid da zuciya ne. Za ka fāɗi, wannan babu shakka. Wata rana barci zai kwashe ka, wata rana fushi zai riga ka. Mai yiwuwa ma ka kiyaye dukan ka'idodin lafiya, ciwo kuwa ya zo duk da haka. Kada wani ya ruɗe ka cewa ciwo shaidar ƙarancin bangaskiya ne. A shekara ta 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan. A 1894 ciwo ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta kasa? Bingham ya koma gida, ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Wanda ya fāɗi sau biyu bai gama tafiya ba. Gurgu da makaho da mai ciwon ajali su ma suna da amanarsu, Ubangiji kuwa ba zai tambayi kowa abin da bai ba shi ba.

Domin haka, ɗan'uwana, kada ka jira sabuwar shekara. Daren yau, kafin ka kwanta, ɗauki takarda ka rubuta abu uku, ko ka sa a rubuta maka. A ƙarƙashinsu ka sa, “In Ubangiji ya yarda.” Sa'an nan ka durƙusa ka roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki, gama in ba tare da shi ba ƙuduri igiyar rama ce a bakin wuta. Gobe da asuba ka tashi ka soma da na fari. Allah ya ba ka ikon riƙon amana har ranar da Mai dukiya zai zo. Amin.