Ɗana, hau soron nan kafin ruwa ya sauka

Ɗana, zafi ya kai ƙarshe, hadari ya fara leƙowa ta gabas, kai kuwa kana zaune a zaure kana latsa waya. Tun bara indararon ɗakin mahaifiyarka ya karkace. Ajiye wayar nan ka ɗauko tsani.

Gidan ƙasa ba ya zama da mai ƙyuya. A Zariya damina kan kankama wajen watan Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta, kuma ruwan da ya kwanta a kan soro shi ne mugun. Ganyen darbejiya ya toshe indararo, ruwa ya taru, ya ratsa ya jiƙa azara, gara ta samu hanya. Wata rana cikin dare sai a ji rugugi. Shi ya sa iyayenmu tun da bazara suke kwaɓa ƙasa da ciyawa, su bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a yaɓe duk inda ya tsage, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Aikin yini biyu ne ga samari uku, amma shi ke sa a yi barci da ido biyu rufe har kaka.

In ka je sallar Juma'a a masallacin fada, ka tuna da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ƙasa ce da azara, irin ta ɗakin kakarka, amma ta yi shekaru masu yawa tana tsaye. Daga nan ka zaga ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ka ga ganuwa. Tun da aka daina gayyar gyaranta, wuri-wuri ta zama tudun da awaki ke hawa, mu kuma muna ta cika baki da ita a gaban baƙi.

Akwai wata magana da na ji kana yi wa ƙanwarka, wai jan ruwa da shara aikin mata ne. Wa ya koya maka? Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan taya iyalinsa aiki a cikin gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Kai wane ne? Ka san mahaifiyarka ɗinkin hula take yi, kamar matan Birni da yawa, kuma allurar nan ta sha biya maka kuɗin makaranta. Duk gugan da ka ja ka cika randa, ka sakar mata hannu ne ta koma kan zarenta da sauran hasken rana. Idonta ba na da ba ne, ka sani.

Kada ka zaci wahala kaɗai nake kiranka gare ta. Wanda ya yi shara da sanyin safiya, ya ba awaki dusa, shi ya san daɗin ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka in an ɗiga man shanu. Ranar ruwan farko kuma, ƙamshin ƙasa ya cika tsakar gida, da magariba yara su fito da kwanon ruwa suna kama shinge a gindin fitila, har kai babba sai ka tsinci kanka a cikinsu.

Tokar murhu da kashin awakin da kuke zubarwa a kwata kuma, ku daina. Taki ne. Birnin nan da gonakinsa aka kewaye shi, har yau akwai masu shuka masara da kuɓewa a cikin ganuwa, ga tsadar takin zamani. Ka tara a lungun bayan turke, ka yi wa mai kura magana tun yanzu, don in shuka ta matso sai ka bi layi kafin ka same shi.