Mai Baiwa Ya Faɗi Darasin Zane: Zalunci Ne Ko Adalci?

Mai karatu, in ka taɓa zagaya Funtuwa ko Malumfashi ka ɗan lura da allunan shagunan aski, da bangon gidajen kallo, da bayan manyan motocin da ke lodin masara a kasuwar Ɗandume, to ka san yankin nan bai rasa masu hannu ba. Kusan kowace unguwa akwai yaron da zai ɗauki biro ya fitar maka da fuskar Ali Nuhu ko ta Shah Rukh Khan kafin shayin ka ya huce. Jama'a su taru su na cewa, "Kai, wannan ai baiwa ce!" Kuma gaskiya su ka faɗa.

To, ɗauka irin wannan yaro ya samu gurbin karatu a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a wata kwalejin horar da malamai. Ya shiga ajin farko da ƙarfin sa, sai malami ya dire tulu a kan tebur ya ce a zana. Mako na gaba ƙwarya da ludayi, na gaba kujera. Da sakamako ya fito, sai ga wata yarinya da ta zo ko miƙaƙƙen layi ba ta iya ja ba ta ɗara shi maki, wataƙila ma shi ya faɗi. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin makaranta ya na da haƙƙin ya tambaya: an zalunci ɗa na ne, ko kuwa?

Kafin ka yanke hukunci, bari mu duba abin da irin wannan darasi ya ke nema. Kayan aikin ba su da yawa: fensira masu tauri da masu taushi, gawayi, kilina, manyan takardu, allon ɗora takarda, sai littafin gwaji wanda ake so ɗalibi ya riƙa zane a ciki kullum, ko a tasha ya ke ko a bakin kasuwa. Ana neman halarta, domin makarantu da yawa a ƙasar nan ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa, kuma aikin zane ba a aron sa a littafin aboki. Ana koyar da awo, wato ka miƙa hannu da fensir, ka runtse ido ɗaya, ka gwada tsawon tulu da faɗin sa da babban yatsa. Ana koyar da haske da inuwa, da yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa. Daga ƙarshe a liƙa aikin kowa a bango, malami da 'yan aji su faɗi inda ya karkace, mai shi ya na tsaye ya na ji.

Duk waɗannan sharuɗɗa abu guda su ke kora, shi ne ka zana abin da idon ka ya gani, ka ajiye abin da ka ke zaton ka sani. Kar ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Kowa ya san bakin tulu da'ira ne, saboda haka sabon ɗalibi da'ira zai zana. Alhali daga inda ya ke zaune bakin nan ya shafe, ya koma kamar ƙwai a kwance. Ko kuwa ka tsaya a bakin gona bayan an yi huɗa. Ka san sarai kunyoyin nan ba su haɗuwa, tunda a gaban ka aka ja su da garma, amma idon ka zai nuna maka su na matsewa har su kusa haɗewa a can ƙarshen gona. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayani a Misira cewa gani na faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, kuma ƙwaƙwalwa kan ƙara nata hukuncin a kan abin da ya shigo. Aikin ajin zane shi ne ya koya maka rarrabe biyun.

A nan ne mai baiwa kan yi tuntuɓe. Yawanci daga fosta ko hoton kalanda ya koyi hannu, inda kyamara ta riga ta yi masa awon, ta shimfiɗe komai a takarda, shi kwafa kawai ya ke yi. Ya haddace yadda ake ido, ya haddace yadda ake leɓe, kuma an yaba masa tun ya na firamare. In aka ce ya dubi tulu na minti goma kafin ya ɗora fensir, sai ya ga raini ne. Ita kuwa waccan yarinya da ta san ba ta iya ba, dole ta duba, ta goge, ta sake dubawa.

Ka ga ke nan maganar ta wuce fensir da takarda, ta zama maganar gaskiya da shaida. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Wanda ya zana da'ira don ya san da'ira ce, ɗan'uwan mai shaidar da ya faɗa wa alƙali abin da ya ke jin ya faru ne, ba abin da ya gani ba. Kuma kai mai kallon fim da karatun littafi ka fi kowa sanin wannan cuta. Sau nawa ka ga an fito da baƙauye a fim a matsayin wawa mai yagaggen riga? Mutumin da ke lissafin taki da iri da kuɗin ƙwadago a ka, ya san farashin waken soya a kasuwa uku, shi ne wai bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba! Haka kishiya kullum muguwa, attajiri kullum mai ƙwace budurwar talaka. Marubucin ya zana abin da ya haddace ne, bai tsaya ya dubi mutum ba. Satyajit Ray na Indiya sai da ya yi karatun zane a Santiniketan daga 1940, ya yi aikin zana bangon littattafai, sannan ya tsara fim ɗin sa na farko, Pather Panchali na 1955, a zane-zane kafin a kunna kyamara. Fim ne a kan talakawan ƙauye, kuma har yau ana kallon sa don ya dube su da idon basira.

Sannan ita baiwa kyauta ce daga Allah, mai ita bai yi gumin komai ba ya same ta. Maki kuwa ladan aiki ne. Manomi ya san iri mai kyau ba ya hana ciyawa fitowa; in ba a yi noman fari da maimai ba, maƙwabci mai matsakaicin iri zai fi ka cika rumbu, kuma ba wanda zai ce damina ta yi son kai.

Na san za ka ce, to ba a jin tsoron horon nan ya kashe baiwar, ya mai da kowa ɗan kwaikwayon Bature, alhali mu na da zayyanar allo da zanen bangon soro tun kaka da kakanni? Tambayar ta na da nauyi, kuma a Zariya ma an taɓa yin ta. An dawo da sashen zane daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, lokacin malaman yawancin su Turawan Ingila ne. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ka kafa ƙungiya su ka ce dole a haɗa abin da ake koya masu da fasahar gida. Amma lura, ba guje wa aji su ka yi ba. Sun iya awo da inuwa tukuna, sannan su ka juya su yadda su ke so. Shi kan sa mai zayyana ai ba ranar farko ake ba shi allon sauka ba, sai ya daɗe ya na ɓata tawada a gaban gwani.

Duk da haka, adalcin ba a wuyan ɗalibi kaɗai ya ke ba. Wajibi ne malami ya faɗi tun ranar farko abin da zai auna da yadda zai raba maki, kada ya ɗora wa ɗan manomi kayan da gawayin murhu zai iya maye gurbin su, kuma gyaran da zai yi a gaban aji ya tsaya kan takarda, kada ya taɓa mutuncin mai ita. Haka nan ya sanar da wuri cewa karatun zai kai ga zana mutum, domin malaman addini sun yi magana mai yawa a kan surar abu mai rai, kuma sananne ne cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Gara yaro ya tambayi malaman sa ya shiga da sanin sa, da a ce sai tsakiyar zango ya tsinci kan sa cikin ruɗani.

In malami ya cika waɗannan, to ni dai a gani na bai zalunci mai baiwa ba don ya kayar da shi. Wanda ya cuce shi shi ne wanda zai ba shi maki don tsohon suna, ya sallame shi da hannu mai sauri da ido mai zato. In kuwa ka na da irin wannan yaro a gida, kafin ka sake ce masa gwani, dire masa butar alwala a tsakar gida ka ce ya zana ta yadda ta ke, har da lotsawar gefen ta. Allah ya ba mu idon ganin gaskiya, amin.