Ajali da Gishirin Miya

Idan likita ya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, amsar da ya fi ji ita ce babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Gaskiya ne, amma ajali ɓoyayye ne, ba a ɗora wa kowa saninsa ba. Sababi kuwa a fili yake, kuma jiki amana ce da za a tambaye mu a kanta. Gazawar zuciya galibi ba ta faɗowa rana ɗaya. Tsoka ce da ta yi shekaru tana tura jini da kyar, ta yi kauri, daga baya ta saki. Sai ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, tafiya masallaci ta zama haki, barci ya gagara sai an jingina da matashi. A yawancin ƙasashen Afirka hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan, shi kuma gishiri yana rura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, alhali dunƙulen miya kansa rabinsa ko fiye gishiri ne.

Mai ganin kiyayewa raunin tawakkali ce ya tuna Sayyidina Umar, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce. Mai kafa hujja da tsohon da ya sha taba har ya tsufa lafiya kuwa ya manta da sa'o'in tsohon da ke kushewa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta wanda zaɓin ba a hannunsa yake ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin wankan jego, ko da yake binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna akwai wasu dalilan. Mai jego ba ita ke yanke abin da za ta sha ba, talaka kuma ba son ransa ne yanke shan maganin hawan jini ba. A nan amanar ba ta faɗi ba, komawa ta yi wuyan miji da uwar miji, da hukumar da ta bar asibitin ƙauye babu na'urar awon jini.