A Sayar Ko A Ba Da Haya? Darasi Daga Gidajen Makka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin Ɗakin Ka'aba, wanda Ya yi mana rufin asiri da gidajen da muke kwana a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasan Zango, maza da mata. Nasiharmu ta wannan fitowa a kan gida take. Da yawa daga cikinmu an bar mana gidan gado, kuma rana za ta zo da za a tara mu a tsakar gida a ce: kasuwa ta yi sanyi, mai saye ba ya taya abin kirki, shin a sayar ne ko a zuba 'yan haya? Domin samun haske, mu leƙa Makka, garin da aka daɗe ana wannan tambaya a cikinsa.

Duk wanda ya sauke farali ya san yadda mutanen Makka suke cin abinci da gidajensu. A unguwanni irin su Aziziyya da Misfala, inda alhazanmu na Afirka ta Yamma suka saba sauka, akwai magidantan da kan kwashe iyalinsu su bar wa mahajjata gida na 'yan makonni, abin da suka karɓa ya riƙe su har shekara ta zagayo. A shekarar 2019 mutum kusan miliyan 2.5 suka yi Hajji. Sai annobar Korona ta sauka. A 2020 aka dakatar da Umara, Hajji kuwa waɗanda suka yi ba su wuce 10,000 ba, dukkansu mazauna ƙasar. A 2021 kusan 60,000 ne kawai. Shekara biyu ɗakuna a rufe, ƙura tana hawa kan katifu, ga bashi, ga cefane. Wanda ya ɗaga gidansa zai sayar a lokacin, mai saye ya san halin da yake ciki. Wanda ya samu ikon jurewa kuwa, a 2023 ya ga mahajjata fiye da miliyan 1.8 sun dawo. Ba kullum ake kwana a gado ba, amma kuma dare bai taɓa hana gari wayewa ba.

Tun zamanin magabata malamai sun yi saɓani a kan gidajen Makka. Wasu, kamar yadda aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa da Imam Ahmad, sun ƙi a karɓi haya daga mahajjaci, hujjarsu aya ta 25 a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazaunin garin da baƙo. A mazhabarmu ta Malikiyya an ruwaito magana fiye da ɗaya, har da karhanta karɓar haya a kwanakin Hajji. Imam Shafi'i kuwa ya halatta sayarwa da haya, har ya yi muhawara da Ishaƙ bin Rahawaihi a kan haka a cikin Makka. Daga cikin hujjojinsa, Allah Ya jingina wa Muhajirai gidajensu a aya ta 8 cikin Suratul Hashri, kuma Sayyidina Umar (RA) ya sayi gidan Safwan bin Umayya a kan dirhami 4,000 ya mayar da shi kurkuku. A kan halaccin ne aiki ya gudana. Amma ku lura da abin da ya dami malaman ɓangaren farko: tsoron kada mai gida ya matsa wa baƙon Allah. Wannan tsoron bai kamata ya fita daga zuciyar mai gida ba, a Makka ko a Kumasi.

Yanzu ga gidaje biyu da aka sayar a Makka, kowane da darasinsa.

Na farko: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Usama bin Zaid (RA) ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko a gidansa zai sauka idan an shiga Makka, sai Manzo ya nuna masa cewa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib bai bar musu wani gida ba. Malamai sun bayyana cewa Aƙilu (RA) ya sayar da gidajen bayan sun yi hijira. Manzon Allah (SAW) bai warware cinikin ba, ga shi kuwa garin yana hannunsa. Ashe abin da aka sayar ya tafi ke nan. Haya ana iya fasa ta baɗi, ciniki ba a fasa shi don nadama.

Na biyu: Hakim bin Hizam (RA), ɗan ɗan'uwan Nana Khadija, shi ya mallaki Darun Nadwa, zauren da Ƙuraishawa suke taruwa su yanke shawara. Ya sayar wa Mu'awiya (RA) a kan dirhami 100,000. Aka zarge shi da sayar da martabar Ƙuraishawa. Ya amsa musu da cewa babu martabar da ta rage sai taƙawa, sannan ya shaida musu cewa kuɗin duka ya ba da su saboda Allah. Shi ya san inda kuɗin za su tun kafin ya karɓe su.

To, 'yan'uwa, nan ne maganar take. Kafin ka tambayi dillali nawa gida zai yi, tambayi kanka ina kuɗin za su. Imam Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito daga Sa'id bin Huraith (RA) gargaɗin cewa wanda ya sayar da gida bai sa kuɗin a irinsa ba, ya cancanci a hana shi albarka a cikinsu. Idonmu ma ya gani. Sau nawa aka raba kuɗin gida a Zango, wannan ya sayi mota, wancan ya biya wa kansa hanyar Turai ta hamada, bayan shekara uku babu gida babu kuɗi, tsohuwa tana kama ɗaki a gidan wasu?

Wannan ba ya nufin sayarwa laifi ce. Idan akwai bashi a kan mamaci, biyansa yana gaba da rabon gado, ko da kasuwa ta faɗi. Idan wani magaji yana cikin matsi yana neman haƙƙinsa, zalunci ne babban wa ya riƙe gida da sunan jiran kasuwa alhali shi kaɗai ke cin kuɗin haya. Mafita a nan ita ce masu hali daga cikin magada su sayi kason mabuƙaci da farashin adalci, gida ya tsaya a cikin dangi. Idan kuwa akwai marayu, Allah Ya hana a kusanci dukiyarsu sai ta hanya mafi kyau, kuma karyar da gidansu don gaggawar manya ba ta cikin wannan hanya.

Idan babu bashi babu larura, haƙuri da haya ya fi kusa da tsira a lokacin da kasuwa ta kwanta. Sai dai hayar ma tana da nauyinta. A rubuta yarjejeniya da shaidu. A ware wani abu don gyaran rufi da magudanar ruwa. Kowane magaji, mace da namiji, ya samu kasonsa yadda Allah Ya raba, ana nuna lissafi a fili, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sani kuma babu zakka a kan ginin da ake haya, amma kuɗin hayar idan sun kai nisabi suka shekara, a fitar.

Sannan a ji tausayin ɗan haya. A nan Gana, dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 kafin shiga, amma ga mu a Nima da Aboabo da Sabon Zango muna cewa sai an ajiye na shekara biyu. Saurayi yana son aure, kuɗin ɗaki ya tsare shi. Magabata sun yi shakkar karɓar haya daga baƙo a Makka, mu kuwa ɗan'uwan da muke sahu ɗaya da shi muke shaƙewa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Daga ƙarshe, kada a yanke hukunci cikin fushi ko tsoro. A zauna da dukkan magada, a nemi malami da wanda ya san kasuwar unguwa, a yi sallar istihara raka'a biyu kamar yadda Jabir (RA) ya ruwaito, sannan a dogara ga Allah. Gidan nan wasu suka bar mana, mu ma za mu bar wa wasu, kuma za a tambaye mu yadda muka same shi da yadda muka yi da shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka yi zufa suka gina. Allah Ya haɗa kan magada, Ya ba marasa gida nasu, Ya kira mu Ɗakinsa mai alfarma, Ya gina mana gida a Aljanna. Amin.