Amana A Inda Babu Mai Gani

Masu iya magana kan ce, "Tsoro na daji, kunya na gida." Idan haka ne, me ke hana hannun mutum ɗaukar abin da ba nasa ba a tsakiyar daji, inda babu idon da zai ji wa kunya, babu kuma ɗan doka? Wannan tambaya ce ta taso mana sa'ad da muka yi nazarin wani wasa da Turawa ke kira jiyokashin, wato farautar ɓoyayyen akwati.

Wasan ya samo asali ne a watan Mayun shekarar 2000, bayan da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon taurarin ɗan'adam na GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin. Dokarsa mai sauƙi ce: in ka samu, ka rubuta sunanka a littafin da ke ciki, in ka ɗauki wani abu ka ajiye wani a madadinsa, sannan ka mai da akwatin inda ka tarar da shi. Masu wasan kan yi tafiyar sa'o'i a ƙafa cikin duwatsu, cikin ruwa da sanyi, don kawai su buɗe akwatin da kayan cikinsa ba su kai kuɗin takalminsu ba.

Mu ɗauka ga ɗayansu ya nufi arewacin Sikotilan, ya isa bakin tafkin Assynt, inda kangon ganuwar Ardvreck yake tsaye. A nan ne aka tsare Montrose, jagoran mayaƙan sarki, a shekarar 1650 bayan an karya rundunarsa a Carbisdale. Mai gidan, Neil MacLeod, ya miƙa shi ga abokan gaba, aka rataye shi a Edinburgh a watan Mayun wannan shekara. Masana tarihi na jayayya kan ko cin amana ne ko biyayya ga hukuma, amma bakin duniya ya riga ya yanke hukunci. A 1672 dangin Mackenzie suka ƙwace ganuwar. Rufi ya faɗi, dukiya ta watse, zargin cin amanar baƙo kuwa yana nan yau fiye da shekara 370.

Wani zai ce ai saboda akwatin ba shi da daraja ne ake barin sa. Da zinariya ce a ciki da tuni an yi awon gaba da shi. Akwai gaskiya a nan, domin hatta a wannan wasa akan sace akwatuna. Sai dai mu a ganinmu, hali zanen dutse ne, kuma da ƙananan abubuwa ake sassaƙa shi. Wanda ya saba mai da alƙalamin aro ba tare da an tambaye shi ba, shi ne zai iya riƙe dukiyar maraya. A aji mun sha ganin haka ranar jarrabawa, da zarar mai tsaro ya juya baya.

To, 'yan'uwa marubuta, maganar ta iso gida. Adabi ma akwati ne da magabata suka ajiye mana a bakin hanya, ba su san wanda zai buɗe ba. Muna ɗibar karin magana, muna ɗibar tatsuniya da salo, amma me muka ajiye wa na baya? Akwai cikinmu mai kwashe labarin ɗan'uwansa, ya sauya sunayen taurari, ya maƙala nasa a bango, don ya tabbata ba mai kama shi. Ya ɗauka bai ajiye ba, ya kuma sa hannu a kan gumin wani.

Littafinmu zai je hannun wanda ba za mu taɓa gani ba, wataƙila bayan ƙasa ta rufe mu. Ya kamata kowannenmu ya duba abin da yake zubawa a ciki tun kafin ya kai maɗaba'a. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, a gida da daji.