Ƙwai da Alade a Allurar Mura

Jama'a, shekaranjiya bayan La'asar wani dattijo daga Bungudu, mai niyyar sauke farali bana, ya tare ni da waya a hannu. Wai an turo masa murya cewa allurar mura da Saudiyya ke shawartar alhazai su yi, da ƙwai ake haɗa ta, wata ma da alade. Ya ce, "Malam, in je Ɗakin Allah da najasa a jini?"

Na ce Baba zauna. Maganar ƙwai gaskiya ce. Yawancin allurar mura a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar cutar, a kashe ta, a tace, abin da ke saura na ƙwan bai taka kara ya karya ba. To yaushe ƙwai ya zama haram? Ba shi mai shayi ke soya mana ba? A Turai akwai masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har madara da zuma, su wannan ke damu. Mu Allah ya halatta mana, kuma mai haramta halal bai fi mai halatta haram tsira ba.

Ta alade ce ke son natsuwa. A Ingila akwai rigakafin mura na yara da ake fesawa a hanci, Fluenz, mai ɗauke da jelatin, wani sinadari da ake tatsowa daga jikin alade don kada maganin ya lalace. A 1995 malamai da likitoci suka zauna a Kuwait, suka ce abin da ya sauya ya bar asalinsa, hukuncinsa ma ya sauya. Istihala ke nan. Giya in ta koma khal, wato ruwan tsami, ta tsarkaka. Almiskin da muke shafawa ran Juma'a, malaman fiƙihu sun ce asalinsa jini ne. Wasu malaman ba su gamsu ba, ba kuma na zaginsu. Ni dai in akwai marar jelatin, shi za ka ɗauka, in babu, larura ta buɗe ƙofa. Mutanen Gusau ba sa buƙatar a fassara musu larura, sun ga yadda sanƙarau ya yi mana ɗauki ɗai-ɗai a 2017.

Tausayin dabba kuwa, da masu ƙin naman nan na Turai ke tinƙaho da shi, namu ne tun asali, mu muka yi sakaci. Ku tsaya bakin hanyar Tsafe ranar kasuwa. Kaji ashirin a ɗaure a babur, kai ƙasa, baki buɗe don ƙishi, mai su kuma shi ne zai fara tambayar halaccin allura!

Dattijon ya yi dariya, ya ce shi ma haka yake kai nasa. Na ce ya sayi akurki, ranar allura kuma ya ce ma'aikacin lafiya ya karanta masa takardar da ke cikin kwalin.