Labarin da ba shi da asali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, cikin watan Oktoba na 2017 wani ya ɓullo a intanet, ya laƙaba wa kansa harafin Q, yana da'awar sanin asiran gwamnatin Amurka. Ya ce za a kama Hillary Clinton a ƙarshen watan. Wata ya ƙare, ba a kama ta ba. Duk da haka jama'a suka bi shi, har waɗansunsu suka kutsa majalisar dokokin Amurka ran 6 ga Janairu 2021, aka yanke musu ɗauri.

To, wane ne shi? A 2022 masana daga Faransa da Suwizalan, bayan sun auna salon rubutunsa, suka nuna Paul Furber da Ron Watkins. Dukansu biyu sun musanta. Mu kuwa ba mu hukunci da zato.

Malaman hadisi ba su karɓar ruwayar wanda ba a san shi ba, komi daɗin zancensa. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike idan fasiƙi ya kawo labari. Ina ga wanda ya ɓoye sunansa? Saboda haka, duk saƙon da ya faɗo wayarmu, mu san asalinsa kafin mu tura shi, domin gobe ƙiyama mu za a tambaya.

Allah shi tsare mu daga fitina, amin.